Kaburburan duwatsu na Tsaunin Tsohuwa

Irlanda tsibiri ne da ke yammacin Turai, cikin tekun Atlantika, kusa da Ingila. Ba shi da girma ƙwarai. Sai an jera tsibiri 15 irinsa kafin su kai faɗin ƙasar Nijar. Ruwan sama yana sauka can kusan kowane wata na shekara, saboda haka ciyawa ba ta bushewa. Duk inda mutum ya duba, sai kore shar. Birni mafi girma a tsibirin shi ne Dublin.

Wajen kilometir 80 arewa maso yamma da Dublin, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Oldcastle, akwai jerin tuddai da ake kira Loughcrew, ana faɗin sunan «Lokru». Tudun da ya fi tsawo cikinsu ya ɗara bakin teku da metir 276. A bisa tuddan nan akwai tsibin duwatsu wajen 30, manya da ƙanana. Waɗansu sun rushe, waɗansu suna nan tsaye. Daga nesa sun yi kama da manyan ƙorai da aka kife.

Tsibin nan kaburbura ne. Sun shekara fiye da 5000. Mutanen da suka gina su ba su san rubutu ba, ba su bar takarda ko guda ba. To, yaya aka yi aka san labarinsu? Duwatsun da ƙasusuwan da hasken rana su ne suka ba da shi.

Tatsuniyar tsohuwa

Da harshen mutanen Irlanda, sunan tuddan nan Sliabh na Caillí, watau Tsaunin Tsohuwa. Sunan ya fito daga wata tatsuniya da kakanni suke gaya wa jikokinsu.

Wai a da akwai wata tsohuwa mai sihiri, mai ƙarfin tsiya. Aka ce mata in tana son ta mallaki ƙasar duka, sai ta cika gaban rigarta da duwatsu, ta yi tsalle daga wannan tudu zuwa wancan. Ta yi tsalle na fari, ta zuba duwatsu. Ta yi na biyu, ta zuba waɗansu. Da ta zo tsalle na ƙarshe, sai ƙafarta ta goce, ta faɗi, ta karya wuya, ta mutu. Duwatsun da ta zubar su ne tsibin da ake gani.

Har yanzu akwai wani ƙaton dutse a gindin ɗaya daga cikin kaburburan, ana ce masa Kujerar Tsohuwa. Tsawonsa ya kai metir 3, nauyinsa wajen tan 10, samansa kuwa kamar mazauni.

Tatsuniyar tana da daɗin ji. Amma abin da ta nuna shi ne, mutanen da suka zo daga baya sun tarar da tsibin a nan, ba su san wanda ya gina su ba. Da suka ga girman duwatsun, sai suka ce wannan ba aikin ɗan Adam ba ne.

Mai duba makarantu ya hau tudu

A shekara ta 1863, wani mai duba makarantu, sunansa Eugene Conwell, ya hau tuddan nan. Abin da ya gani ya ba shi mamaki. Ya riƙa komowa, yana aunawa, yana rubutawa. Domin kada ya ruɗe, sai ya ba kowane tsibi harafi guda: A, B, C, har zuwa gaba. Da waɗannan haruffa ake kiransu har yau. Wanda ya fi suna shi ne kabarin T, wanda ke can ƙololuwar tudu mafi tsawo. Kujerar Tsohuwa a gindinsa take.

A shekara ta 1865 Conwell ya samu ma'aikata, suka shiga tono. Wani gwanin zane mai suna George Du Noyer ya kwafi zane-zanen da ke jikin duwatsun. Conwell ya yi tsammanin kabarin T na wani sarki ne da ake ambata cikin tsofaffin labaran Irlanda, mai suna Ollamh Fodhla. A nan bai dace ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna kaburburan sun girmi labaran nan da nisa.

Yadda aka gina kabari mai lungu

Irin wannan gini ana kiransa kabari mai lungu. A Irlanda akwai fiye da 200. Da yawa daga cikinsu sun taru a wurare 4: Loughcrew, da Carrowkeel, da Carrowmore, da kwarin kogin Boyne, inda babban kabarin Newgrange yake.

Ga yadda tsarinsa yake. Da fari an kakkafa manyan duwatsu masu faɗi a tsaye, jeri biyu, suna fuskantar juna. Tsakaninsu shi ne lungu. Lungun ƙunci gare shi, mai shiga sai ya sunkuya. A ƙarshen lungun akwai ɗaki. A kabarin T, ɗakin yana da loko 3: ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya a ƙurya.

Rufin ɗakin shi ne abin kallo. Babu azara, babu laka, babu siminti. Magina sun ɗora faffaɗan duwatsu bisa juna, kowane jeri yana ɗan matsowa ciki fiye da na ƙasansa. Haka bakin ya riƙa tsukewa, kamar yadda rumbun ƙasa yake tsukewa wajen sama, har ya rage ƴar kafa, aka rufe ta da dutse guda. Nauyin duwatsun shi ke riƙe da su.

Bayan an gama lungu da ɗaki, sai aka tara ƙananan duwatsu dubbai bisansu, har suka zama tsibi. Daga nan aka kewaye gindin tsibin da manyan duwatsu domin kada ya baje. Faɗin kabarin T ya kai metir 35. An samu gutsattsarin wani farin dutse mai ƙyalli a gefensa. Sunan tudun ma, watau Carnbane, ma'anarsa «farin tsibi».

Jikin duwatsu da yawa yana ɗauke da zane. Akwai da'ira cikin da'ira, akwai layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, akwai ƴan ramuka, akwai zane mai kama da rana ko fure. Ba da ƙarfe aka yi su ba. Mai zanen yakan riƙe wani dutse mai tauri, yana ƙwanƙwasa jikin babban dutsen kaɗan kaɗan, har siffar ta fito.

Abin da aka tarar a ciki

Masu tono ba su samu zinariya ko azurfa ba. Abin da suka fi samu shi ne ƙonannun ƙasusuwan mutane. Mutanen wancan zamani sukan ƙone gawa a waje, su tattara ƙasusuwan, su kai cikin loko. A waɗansu kaburbura akwai babban kasko na dutse, kamar wanda ke cikin kabarin L. Tare da ƙasusuwan an samu sakainun tukwane, da tsinkaye na ƙashi ko na ƙaho, da ƴan duwatsun wuya, da duwatsu mulmulallu kamar ƙwallo.

Kabari guda ba na mutum guda ba ne. Ƙasusuwan mutane da yawa suna haɗe wuri ɗaya, manya da yara, maza da mata. Amfanin lungun ke nan: ana iya komowa a shiga, a ƙara sa waɗansu ƙasusuwa, ko a ziyarci na da.

Wurin bai fita daga ran mutane da wuri ba. A cikin kabarin H an samu ɗimbin gutsattsarin ƙasusuwan dabbobi da aka goge sumul, waɗansu da zane a kansu. An yi su wajen shekara 3000 bayan gina kabarin, a zamanin da mutanen tsibirin suka riga suka san ƙarfe.

Yadda ake sanin shekarun ƙashi

Akwai wani sinadari cikin iska da ake kira karbon 14. Tsiro yana shan sa daga iska. Dabba da mutum suna samunsa daga abinci. Muddin abu yana da rai, yana ta ɗauka. Ran da ya mutu, ɗauka ta tsaya, wanda ke jikinsa ya shiga raguwa sannu sannu. Bayan shekara 5730 rabinsa ya tafi. Bayan wata shekara 5730, rabin abin da ya rage ya tafi.

Saboda haka, in aka auna karbon 14 da ya rage cikin ƙashi ko gawayi, ana iya lissafa shekarun da suka wuce tun mutuwar mai shi. Wani masani ɗan Amurka, Willard Libby, shi ya fito da wannan dabara wajen shekara ta 1949. Da aka auna ƙasusuwa da gawayi na kaburbura masu lungu na Irlanda, sai aka ga manyansu an gina su tsakanin shekara ta 3300 da ta 3000 kafin haihuwar Annabi Isa. Watau sun girmi babbar dalar Giza ta ƙasar Masar da shekara fiye da 400.

Su wa suka gina su?

Manoma ne kuma makiyaya. Kakanninsu sun iso tsibirin wajen shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa. Da jiragen ruwa suka ƙetaro teku, tare da shanu, da tumaki, da irin alkama da na sha'ir. Kafin zuwansu, mazauna tsibirin farauta suke yi, da su, da tsintar ƴaƴan itatuwa.

A lokacin nan kurmi ya rufe ƙasar. Manoman suka sare itatuwa, suka yi gonaki, suka gina ɗakuna na icce. Ba su da ƙarfe, ba su da doki, ba su da amalanke. Wuƙaƙensu na dutsen ƙyastu ne. Gatarinsu na dutse ne da aka wasa sumul, irin wanda manoma kan tsinta a gona a ƙasar Hausa, suna ce masa gatarin aradu.

Da irin waɗannan kayan aiki suka motsa dutse mai tan 10. Masana suna ganin da igiya, da gungumen icce, da ƙarfin mutane masu yawa suka ja shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin gayya ne babba: waɗansu suna ɗauko duwatsu, waɗansu suna gini, waɗansu suna zane, waɗansu suna kawo abinci. Jama'ar da ta iya wannan, lalle tana da abinci a rumbu, tana da shugabanni, tana da gwanayen da suka koyi gini daga iyayensu.

Ba a ware suke zaune ba. A shekara ta 2020, masana sun bayyana sakamakon binciken ƙwayoyin gado da ke cikin ƙasusuwa, watau abin da ɗa yake gada daga jikin iyayensa. Sun ga akwai dangantaka ta nesa tsakanin wani mutum da aka sa a Newgrange da waɗansu da aka sa a Carrowkeel da Carrowmore, ko da yake tsakaninsu ya kai kilometir 150.

Ranar da rana take shiga kabari

Rana ba ta fitowa wuri guda kullum. Cikin watan Yuni tana fitowa arewa maso gabas. Cikin watan Disamba tana fitowa kudu maso gabas. Sau biyu a shekara, wajen 20 ga Maris da wajen 22 ga Satumba, tana fitowa gabas sak. A waɗannan ranaku tsawon dare da na yini daidai suke a duniya duka.

Ƙofar kabarin T gabas take duba. A shekara ta 1980, waɗansu masu bincike biyu, Martin Brennan da Jack Roberts, suka shiga ɗakin da asuba cikin watan Maris, suka zauna suna jira. Jim kaɗan bayan fitowar rana, haske ya bi lungu, ya ƙetare ɗaki, ya sauka bisa dutsen da ke cikin lokon ƙurya. Dutsen nan cike yake da zane mai kama da rana. Hasken ya riƙa tafiya sannu a kan zanen, daga wannan zuwa wancan, wajen minti 50, sa'an nan ya janye, duhu ya komo.

Wannan abu yana faruwa ƴan kwanaki kawai cikin Maris, da ƴan kwanaki cikin Satumba, in gajimare bai rufe sama ba. Sauran shekara hasken fitowar rana ba ya kai ga dutsen.

Kabarin T ba shi kaɗai ba ne. A Newgrange, lungun ya kai metir 19, kuma bisa ƙofarsa magina sun bar wata ƴar taga. Ran 21 ga Disamba na shekara ta 1967, masanin da ke tonon wurin, Michael O'Kelly, ya ga hasken rana ya shigo ta tagar nan har cikin ɗaki. Wannan shi ne lokacin yini mafi gajarta a shekara.

Don me suka damu da rana haka? A Irlanda, yinin tsakiyar Disamba bai kai awa 8 ba, na tsakiyar Yuni kuwa ya kai awa 17. Lokacin ɗari dogo ne, mai duhu, ba abin da ke tsirowa. Manomin da ya yi shuka da wuri, sanyi zai kashe masa iri. Wanda ya makara, amfanin gonarsa ba zai nuna ba. In dare da yini suka daidaita cikin Maris, lokacin shuka ya kusa. In suka sake daidaita cikin Satumba, kaka ta yi, ɗari yana tafe. Masana da yawa suna ganin kaburburan wuraren taro ne kuma, inda jama'a take haɗuwa a waɗannan ranaku domin tunawa da kakanninta.

Abu guda tabbatacce ne: kafin a daidaita lungu da rana haka, sai an shekara da shekaru ana lura da wurin fitowarta, ana sa alama, ana gaya wa na baya. Mutanen da ba su da rubutu sun ajiye iliminsu cikin dutse.

Abin da ya ɓace ba ya komowa

Kaburburan sun jure ruwa da iska shekara 5000, amma sun sha wahala a hannun mutane. Manoma sun kwashi duwatsun waɗansu tsibin sun gina shingen gonaki. Masu tonon farko ma sun yi ɓarna ba da nufi ba. Tsibi mafi girma a Loughcrew shi ne mai harafin D, faɗinsa wajen metir 55. Ma'aikatan Conwell sun farke shi suna neman ɗaki, ba su samu ba, suka bar shi a baje. A Carrowkeel, cikin shekara ta 1911, an buɗe kaburbura da yawa cikin ƴan makwanni kawai.

Masanan yanzu ba sa gaggawa. Sukan tona ɗan wuri kaɗan, da ƙaramin cokalin gini da buroshi. Kowane ƙashi da kowace sakaina, sai an auna wurin da take, an rubuta, an ɗauki hoto, kafin a ɗaga ta. Dalili kuwa shi ne, wurin da abu yake kwance shi ke faɗin labarinsa. In aka ɗauke shi ba a rubuta ba, ya zama kamar shafin littafi da aka yage. Sau da yawa ma sukan bar kabari ba su taɓa shi ba, domin na baya su zo da dabarun da suka fi na yau. Conwell bai san za a zo a auna shekarun ƙashi ba. Gawayin da masu tonon da suka zubar a matsayin shara, da yau ya ba da labari.

A shekara ta 2018 hukumar da ke kula da wurin ta rufe ƙofar kabarin T, domin an ga alamun rauni a ginin. A shekara ta 2021 kuma an tarar waɗansu sun karce jikin duwatsun Loughcrew da rubutu. Zanen da ya shekara 5000, wuƙa guda tana iya ɓata shi cikin minti guda, kuma babu maginin da zai iya mai da shi yadda yake. Saboda haka dokar Irlanda ta hana kowa ya ɗauki dutse ko ya yi tono a irin waɗannan wurare ba tare da izini ba.

Ma'anar kalmomi

Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.
Tsibi: tarin abu da aka zuba wuri guda har ya yi tudu.
Lungu: ƴar hanya mai ƙunci tsakanin bango biyu.
Loko: ɗan wurin da ya shige cikin bangon ɗaki.
Sakaina: guntun ƙwarya ko na tukunya da ta fashe.
Tan: nauyin kilo 1000.

Tambayoyi

1. A ina tsibirin Irlanda yake? Sau nawa Nijar ta fi shi faɗi?
2. Me tatsuniya ta ce game da tsibin duwatsun? Me bincike ya nuna?
3. Yaya aka yi rufin ɗakin kabarin T ba tare da azara ba?
4. Waɗanne abubuwa aka tarar cikin kaburburan?
5. Don me aka ce gina kabarin aikin gayya ne?
6. A waɗanne watanni hasken rana yake kai ga dutsen ƙurya?
7. Don me masanan yanzu suke tono a hankali?

Lissafi

In an gina wani kabari a shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, shekara nawa ya yi a lokacin da Conwell ya hau tudun, cikin 1863?

Aikin gwaji

Ranar da take fitowa gabas sak a Irlanda wajen 20 ga Maris, ita ce take fitowa gabas sak a Maradi, da Zinder, da Tahoua a wannan rana. Ana iya gwadawa. A kafa sanda a filin makaranta, inda ake hangen gabas sosai. Sau ɗaya a wata, da fitowar rana, a duba inda inuwar sandar ta miƙe, a auna taki 5 daga gindinta, a ajiye dutse bisa inuwar. Kada a ƙura wa rana ido, tana ɓata gani. A rubuta ranar cikin littafi. Bayan wata 6 a duba yadda duwatsun suka jeru, a nemo dutsen watan Maris, a ga ɓangaren da yake nunawa.